Rasuwar 'Yar Iska, Ƙafar Gaban Babur ɗin Bala da Akanni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda faɗinsa ba ya rage shi, Malam Bala Shehu, bakaniken babura da ke Titin Bauchi a garin Jos, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukkan masu tseren babur a kan tudun kuza cewa ƙafar gaban babur ɗinsu, wato fok ɗin nan da kowa ya sani da suna 'Yar Iska, ta riga mu gidan gaskiya. Ta rasu ranar Asabar ta ƙarshen watan Oktoba da hantsi, a filin tsere na tsoffin ramukan kuza da ke kan hanyar Vom, bayan gajeriyar jinya. Shekararta shida a hannun masu ita. Sanarwar nan ta makara da wata huɗu, Bala kuma yana neman afuwa. Sau da dama ya ɗauki biro ya sake ajiyewa.

Saboda waɗanda ba su san babur ɗin tsere ba, fok shi ne dogayen bututun nan biyu da suka sauko daga kan babur suka riƙe tayar gaba. Su ne suke shanye dukan ƙasa idan babur ya tashi sama ya diro, su ne suke tsayawa tsakanin dutse da wuyan hannun mai tuƙi. Yawanci sifirin ake sa musu a ciki, murɗaɗɗen ƙarfe mai matsuwa ya dawo. Marigayiya ba ta da sifirin ko guda. Mai ne a ƙafarta ta dama, a ta hagu kuwa iska ce zalla, a matse cikin wani siririn ɗaki na ƙarfe, ana ɗura mata ita da ɗan famfon hannu mai agogo a ka. Iskar nan ce take ɗauke da gaban babur da mahayinsa.

Baba Cyprian ne ya raɗa mata suna, tsohon makanikin nan na Bukuru wanda ya fi shekara talatin yana kwance shokazoba yana ɗaurawa. Ranar da aka fara kai ta gabansa ya danna ta sau biyu, ya tambaya ina sifirin ɗin, aka ce masa babu. Ya share hannunsa da tsumma ya ce abin da ba shi da komai a ciki sai iska ai ba sai an yi masa taron suna ba. Bala ya ji haushi har ya yi mako biyu bai gaishe shi ba. Sunan kuwa ya bi ta, har shi Balan ya koma kiranta da shi, amma da wata irin murya da ba ta zagi ba.

Marigayiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Bala da Akanni Oyewole, telan kwat, su suka haɗa ƙarfi suka sayi babur ɗin a hannun wani da ya gaji da karaya. A layi ɗaya suka tashi a unguwar Nasarawa. Kakan Bala haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, mahaifin Akanni kuma daga Ogbomosho ya zo da keken ɗinkinsa, yaran biyu suka girma suna cin tuwo da amala a kwano ɗaya, ba wanda ya damu da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Da rikici ya raba unguwannin garin, su Akanni suka kwashe suka koma unguwar Jos Jarawa, Bala ya tsaya inda yake. Ba su yi faɗa ba, ba su ɓata ba. Sai dai zuwa gidan juna ya zama abin da sai an yi tunani kafin a yi, daga nan ya zama abin da ba a yi. Shekara goma sha ɗaya gaisuwarsu ba ta wuce ta waya da ta kan hanya ba. A filin tseren nan suka sake haɗuwa wata Asabar, kowa ya zo kallo shi kaɗai. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna yi wa mutanen da ba su sani ba ihu, kafin rana ta faɗi kuwa sun yanke shawarar da matansu suka kira hauka.

Matsalar ita ce jiki. Bala kilo ɗari da huɗu ne, Akanni kuwa ko da rigar sanyi da takalmi bai cika sittin da biyu ba. Giwa da Tsinke ake ce musu a filin. Shi kuma sifirin, mutum ɗaya ya sani. In aka sa mai ƙarfi daidai Bala, Akanni zai ji kamar taɓarya ya hau, kowane dutse sai ya ji shi a haƙori. In aka sa mai taushi daidai Akanni, Bala yana zama gaban babur zai durƙusa. Canza shi kuma aikin rabin yini ne. A nan marigayiya ta nuna halinta. Minti biyu da famfo, ta zama ta Bala. A danna mata hanci ta saki kaɗan, ta koma ta Akanni. Sifirin ɗin baya suka tsayar a tsaka-tsaki, suna murɗa zobensa, kowa yana haƙuri da shi. Akanni ya ɗinka wa famfon jaka, ya rubuta lambobin iskar a jikinta da zare don kada a manta: na Bala ɗari da sittin da takwas da ja, nasa ɗari da talatin da huɗu da shuɗi. Wannan Asabar Bala ya hau Akanni ya riƙe famfo, mai zuwa su juya. Da yake a shagon Bala babur yake kwana, dole Akanni ya riƙa shigowa Titin Bauchi kowace Juma'a da yamma. Da yake kuma Akanni ne mai tsohuwar akori-kurar da ake ɗaukarsa, dole Bala ya riƙa shiga Jos Jarawa, ya zauna a baranda ya sha shayin Teniola, matar Akanni, mai yawan citta. Tun shekara ta biyu naman salla ya koma zuwa can, shinkafar Kirsimeti ta koma zuwa nan.

Wanda ya zauna da marigayiya zai shaida ba ta da nauyi. Ta fi 'yan'uwanta masu sifirin sauƙi da fiye da kilo guda, kilo guda a gaban babur kuwa ba wasa ba ne idan an yi zagaye huɗu damtse ya fara ƙagewa. Tana da ladabi, abin da aka ce ta zama shi take zama. A babban tsalle tana da zuciya, don ita iska iya matsa ta iya taurinta. Akwai wata damina da aka yi tsere biyu rana ɗaya, na masu jiki da safe, na 'yan sama da arba'in da rana, tazarar minti biyar kacal tsakanin ƙarshen wannan da kiran wancan. Bala ya sauko caɓe-caɓe da laka, Akanni yana tsugune da famfo tun babur bai gama tsayawa ba, jama'a suka kewaye su suna ƙirga daƙiƙa da ƙarfi kamar 'yan makaranta. Akanni ya isa layi da sauran minti guda. Na biyar ya zo, Bala na shida a nasa, amma har gida suna waƙa a mota.

Ko da yake ba a faɗin aibin mamaci, Bala ba zai ɓoye nata ba. Tana da saurin sauya rai. Da sanyin safiyar Jos takan yi laƙwas, rana ta take ta kumbura ta yi tauri, sai an yi ta bin ta da famfo kamar mai jego da ruwan zafi. A kan ƙananan tsakuwa ba ta da rufin asiri, duk abin da taya ta taka sai ta kai ƙara tafin hannu. Saboda wannan, masu irinta a filin suka yi ta cire iska suna sa sifirin ɗaya bayan ɗaya, har ta rage ita kaɗai. A gindin bishiyar turaren da ake hutawa, ba a raba Asabar da gardama a kanta. Baba Cyprian yakan ce sifirin ko zai mutu sai ya yi sallama, ya yi ta zubar da mai mako da makonni amma yana nan tsaye da mahayinsa. Ita kuwa iska, ranar da za ta tafi ba ta ce wa kowa sai an jima. Bala yakan tambaye shi ko sifirin ɗin nasa zai ɗauki Giwa da Tsinke rana ɗaya. A nan maganar take tsayawa, a yi dariya, a sayi gasasshiyar masara.

Ba ta da yawan magana. Idan aka zare mata famfo takan ce "tsss", gajere, kamar mai yin tsaki cikin ladabi. Idan aka danna ta a shago takan ce "fuf, fuf". A filin kuwa, idan babur ya diro daga sama, sai ta ce "shak", sau ɗaya, wanda yake tsaye a gefe da famfo ya san abokinsa ya sauka lafiya tun bai gan shi ba. Bala ya ce ko cikin babura ashirin yana iya ware wannan sautin.

Ciwon ajalinta ya fara ne a watan Agusta. Akwai wata 'yar roba mai kama da zobe can cikin ƙafar hagu, ita ce take tsare iska kada ta fice daga ɗakinta. Robar ta tsufa. Bala ya nema a Jos bai samu irinta ba, ya aika Kano, ya aika Legas, kowa ya ce a jira kaya su iso. Tsere kuwa bai jira ba. Ya samo wata mai kama da ita a wajen masu kayan injin ban ruwa, ya auna ta da ido da ɗan yatsa, ya ga kamar ta yi, ya sa. Ta riƙe wata biyu cur ba ta ce uffan ba, har ya fara yabon kansa.

Asabar ɗin nan ita ce ta tseren rufe shekara, kuma ranar Akanni ce. A rukunin 'yan sama da arba'in shi ne na biyu a makin shekara, wanda yake gabansa kuma ya zo da targaɗe a ƙafa. Akanni bai taɓa ɗaukar kofi ba a rayuwarsa, ko na firamare. Tun a mota yake ta zuba, ya ce ya ma share wa kofin wuri a kan kantar shago, tsakanin zare da almakashi.

Ƙarfe bakwai Bala ya ɗura mata iska daidai lambar shuɗin zare. Ƙarfe tara, kafin a kira su layi, ya sake ɗaura famfo don ya tabbatar, sai ya ga allurar agogon ta sauka da takwas. Ya tsaya yana kallonta. Duk bakanike ya san ɗaura famfo yakan ci biyu ko uku, wannan ba komai ba ne. Ya kuma san rana ta fito, ƙarfe ya ɗumama, iskar da ke ciki hawa ya kamata ta yi, ba sauka ba. Duka biyun ya sani, sai ya ɗauki na farko ya riƙe. Ya ƙara mata takwas ɗin, ya zare famfo, ta ce "tsss" kamar kullum. Ya goge ta da tsumma, ya ɗan bugi hular kwanon Akanni ya ce Allah Ya kiyaye.

Zagaye biyar ne. A na biyu Akanni ya wuce gaba. A na uku ya ba su tazarar da har mutane suka fara kiran Tsinke, Tsinke. Akwai wani tudun yashin kuza a ƙarshen filin da ake kira Bakin Rijiya, ana hawansa da gudu, a tashi sama, a dira a gangaren baya. Sau uku Bala ya ji "shak" daga inda yake tsaye. A na huɗu babur ya tashi yadda ya saba, ya yi kyau a sama, sai abin da ya biyo baya ya zama "ƙwam", ƙarfe a kan ƙarfe. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Iskar ta gudu tun a hanya, gaban babur ya nutse har ƙasa, bayansa ya ɗaga, Akanni ya wuce ta sama ya sauka da kafaɗar dama a kan marmara.

Bala, da duk jikin nan nasa, shi ya riga kowa isa. Ya tarar da shi idonsa biyu, yana tambaya ko babur ya lalace. Sai da aka zo ɗaga shi aka lura hannun dama ba ya bin sauran jiki.

A asibiti aka ce ƙashin kafaɗa ya karye, wannan kuma mai sauƙi ne, cikin mako shida ya haɗe. Abin da bai haɗe ba su ne jijiyoyin da suka taso daga wuya suka sauka hannu. Likita ya ce sun tsinke daga tushe, a jira wata uku a gani ko wani abu zai motsa. An jira uku, an ƙara ɗaya. An je gashin ƙashi, an je wajen mai ɗori, an yi addu'a a coci, Bala ya sa an yi a masallaci. Hannun yana nan kwance a kan cinyarsa yadda aka ajiye shi, yana ramewa. Shekara ashirin da shida Akanni yana yanka yadi da wannan hannu, a Jos Jarawa ko daga nesa ana gane kwat ɗin da ya yanka. Ya gwada almakashi da hagu, ya ɓata yadin wani ango, ya daɗe zaune yana kallonsa, sannan ya ce a rufe shago.

Baba Cyprian ne ya yi wa marigayiya binciken gawa. Ya kwance ta a kan tsohuwar jarida, ya zaro robar, ta murɗe ta yage a gefe ɗaya. Ya haska cikin ɗakin iskar da tocila ya ce Bala ya leƙa: wata ƙwayar yashi ta samu hanya ta gefen robar, ta ja layi a jikin bango daga sama har ƙasa, kamar an karta da farce. Ya ce ko an kawo robar gaske yanzu ba za ta riƙe ba, bangon ne ya tafi, irin wannan kuma ba a yi masa walda, ba a yi masa ciko. Bai ce ai na gaya maka ba. Bala ya tsaya yana jira ya ce, don da ya faɗa da ya samu wanda zai huce a kansa. Tsohon ya naɗe sassan cikin jaridar ya miƙa masa da hannu biyu.

Sau uku Bala ya je Jos Jarawa da niyyar faɗin maganar allura, sau uku yana dawowa da abarsa. Yakan kai ayaba da madarar Vom, ya zauna ya ba da labarin gari, ya gyara wa Akanni matashi, ya tashi. Matarsa Suwaiba ta lura ya daina cin abincin kirki, ta tsare shi har ya gaya mata. Ba ta lallashe shi ba. Ta ce maganar ba tata ba ce, ta mai hannu ce, ya kai masa kayansa.

Ya je karo na huɗu wata Talata da la'asar. Akanni yana zaune a baranda yana fama da maɓallin riga da hannu ɗaya. Bala ya durƙusa ya ɓalla masa, yana durƙushen kuma, bai ɗaga kai ba, ya faɗi komai: robar injin ban ruwa, ƙarfe bakwai, ƙarfe tara, takwas ɗin da ya ƙara ya yi shiru. Akanni ya bar shi ya gama.

"Na gani, Bala," in ji shi. "Ina tsaye a bayanka. Na ga allurar."

Bala ya ɗago ya tambaye shi me ya hana shi magana.

"Da na yi magana da ka hana ni hawa. Ranar tawa ce."

Bala ya zaci idan ya faɗa nauyin zai ragu, ko a yafe masa ko a zage shi, kowanne ya samu zai karɓa. Ko ɗaya bai samu ba. Ashe Teniola tana bakin ƙofa da farantin shayi, ta ji daga farko har ƙarshe. Ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ko kofi bai yi ƙara ba. Ta kira Bala yadda ta saba, da sunan 'yarsa ta fari.

"Baban Rahma, ashe ku biyu kun sani. Ni ne kawai ban sani ba, ni da zan wanke shi in sa masa riga."

Ta koma ciki. Tun daga ranar takan amsa sallamarsa, amma shayi bai sake fitowa ba. Bayan mako biyu ta sanar cewa za su koma Ogbomosho, inda yayyenta suke da shagon kayan masarufi da ɗaki biyu da ba kowa a ciki. Akanni, haifaffen Jos, wanda ko Yarabancinsa dariya ake yi masa a can, bai yi musu ba.

Cikin watan Janairu Baba Cyprian ya zo shagon Bala da kansa, ya sauke wani fok mai sifirin, tsoho amma lafiyayye. Ya ce ya sa masa sifirin daidai nauyinsa, ya ɗaura ya daina zama kamar mai takaba. Bala ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya tambaya, don bakinsa ya saba, ko ba a samun na tsaka-tsaki wanda zai yi wa mai nauyi da mara nauyi. Tsohon ya ce na tsaka-tsaki ba ya yi wa kowa. Sannan ya ce, "Kuma waye na biyun, Bala?"

Ya ɗaura. Sanarwar rasuwa ba wurin ƙarya ba ce, don haka Bala ya ce a rubuta: sabon ya fi marigayiya taushi a kan tsakuwa, ba ruwansa da sanyi ko rana, ba ya neman famfo. Duk abin da Baba Cyprian ya yi shekara shida yana faɗa a gindin turare haka yake. Bala ya roƙi mota ya kai babur filin wata Laraba da babu mutane. Ya yi zagaye guda, ya hau Bakin Rijiya ya dira lafiya lau, ko gezau. Ya zagayo inda suke tsayawa, ya rage gudu yadda ya saba, ya juya kai don ya ce gaban ya yi daidai. Ciyawa ce a wurin da wata tsohuwar taya. Ya kashe inji ya zauna a kan babur har inuwa ta juya. Tun daga ranar bai sake tayar da shi ba. Mutane suna cewa tsoro ne ya kama shi, shi kuma ya bar su a haka, don ya fi sauƙin bayani.

Marigayiya ta rasu ta bar famfo guda a cikin jakarsa, wanda ba shi da sauran aiki a duniya, don ko tayar keke sai ya yini bai cika ba. Ta bar ƙafarta ta dama, lafiyarta ƙalau, amma ba mai neman ƙafa ɗaya. Ta bar babur a jingine a bayan shago, an lulluɓe shi da tamfol, da hular kwano mai tsaga daga goshi zuwa kunne. Ta bar gardamar gindin turare, wadda aka daina yi, don wanda ya ci ba ya son a tuna masa. Ta kuma bar masu ita guda biyu, da hannu uku tsakaninsu.

Suwaiba ta ce kada a kira abin da za a yi jana'iza, ƙarfe ba shi da rai, ba a yi masa salla. Bala ya yarda da ita: ba salla, ba liman, ba fasto. Amma ya ƙi bai wa 'yan gwangwan ita, ko da yake sun zo sau biyu da sikelinsu. Ya ce abin da ya ɗauki mutum biyu shekara shida ba za a narka shi a yi tukunya da shi ba. Washegari ya tarar da wani tsohon zanin Suwaiba a ninke a kan benci.

Ga yadda aka tsara. Za a ɗauki marigayiya daga shagon Titin Bauchi ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai da rabi na safe, a naɗe cikin zani. An riga an tsiyaye mata mai don kada ya ɓata ƙasa. Za a binne ta a filin kan hanyar Vom, a gefen Bakin Rijiya ta gabas, inda babura ba sa bi. Ba sai kowa ya zo da shebur ba, Bala ya gama haƙa tun jiya. Baba Cyprian ya ce zai zo, ya kuma roƙi kada a sa shi jawabi. Ana roƙon masu zuwa da babur su kashe inji tun daga bakin titi su turo.

Ranar ce kuma motar kayan su Akanni za ta bar Jos, hanyarsu ta nan ta bi. Teniola ta amince direba ya tsaya minti goma. Ba za ta sauko ba, kada kuma kowa ya je gilashi ya matsa mata. Saboda haka ƙarfe tara daidai za a rufe rami, wanda ya makara ya makara. Babu zaman makoki, babu sadakar uku ko ta bakwai. Ranar Litinin shago zai buɗe, a ci gaba da gyaran baburan kai kaya kasuwa.

Roƙo na ƙarshe daga Malam Bala ga duk wanda zai halarta: idan an zo yin sallama, kada kowa ya riga Akanni miƙa hannu. A bari shi ya fara. Na hagu zai miƙo. A karɓa da hannu biyu, kada kuma a ce masa komai a kai.